Naɗin Fasto a Ikilisiyoyin Baftis da Tambayar Tushen Iko

Babu wata al'ummar addini da za ta daɗe tana tsaye ba tare da ta amsa tambayoyi biyu game da shugabancinta ba, wato wane ne ke da ikon tsayar da mutum a gaban jama'a ya koyar da su da sunan Allah, kuma mene ne wannan tsayarwa take ƙara wa wanda aka tsayar. A cikin Kiristanci, hidimar da ake keɓe mutum da ita domin aikin kiwon ikilisiya, wato taron masu bi, ita ake kira naɗi, kuma yadda kowace ɗarika take gudanar da naɗinta yana bayyana abin da ta ɗauki ikilisiya kanta. Ikilisiyar Katolika tana koyar da cewa naɗi sakramenti ne, ma'ana alama ta zahiri wadda Allah yake ba da alheri ta cikinta, cewa bishop ne kaɗai yake iya yin sa domin shi ne yake cikin silsilar ɗora hannu da ake dangantawa har zuwa ga manzannin Almasihu, kuma cewa yana barin tambari a ran wanda aka naɗa wanda ba ya gogewa. Ikilisiyoyin Otodoks da na Angilikan ma sun riƙe wannan silsila, ko da yake bayanin da kowacce take yi a kanta ya ɗan sha bamban. 'Yan Baftis kuwa, waɗanda suke cikin manyan rassan Furotesta, ba su yarda da bishop mai irin wannan iko ba, ba su kuma yarda akwai wani alheri da ke gangarowa daga tafin hannun wani zuwa kan wani ba, amma duk da haka kusan dukansu suna naɗa fastocinsu da addu'a da ɗora hannu. A wurinsu naɗi shaida ce da ikilisiya take bayarwa a bainar jama'a cewa Allah ya riga ya kira wani, kuma kamar kowace shaida, darajarsa tana rataye ne a kan gaskiyar waɗanda suka bayar da ita.

Asalin aƙidar

Wannan fahimta ta samo asali tun daga farkon ɗarikar. A shekarar 1609, a birnin Amsterdam, wani malami ɗan Ingila mai suna John Smyth, wanda a da firist ne a Ikilisiyar Ingila kafin ya bar ta ya yi gudun hijira, ya yanke hukunci cewa baftismar da aka yi masa yana jariri ba baftisma ba ce, domin jariri bai ba da gaskiya ba, sai ya yi wa kansa baftisma, sannan ya yi wa waɗanda suke tare da shi. Ba da daɗewa ba shakka ta kama shi game da ko yana da ikon yin abin da ya yi, ya nemi shiga cikin jama'ar Menonait na ƙasar Holan, waɗanda yake ganin sun riga shi zama ikilisiya ta gaskiya. Abokinsa Thomas Helwys ya ƙi bin sa, yana mai cewa ikilisiya ba ta bukatar ta gaji ikonta daga hannun wata da ta gabace ta, domin duk inda masu bi suka taru da sunan Almasihu suna da cikakken izininsa na yin baftisma da na tsayar da masu hidima. Helwys ya koma Ingila da 'yan mutane kaɗan wajen shekarar 1612 ya kafa ikilisiyar Baftis ta farko a can, kuma ra'ayinsa ne ya zama gadon ɗarikar.

Daga wannan tushe aƙidu uku suka tsiro waɗanda suke riƙe da al'amarin naɗi har yau. Ta farko ita ce cewa ikilisiya ta ƙunshi mutanen da suka ba da gaskiya da hankalinsu suka karɓi baftisma bisa shaidar bakinsu, saboda haka kowane memba yana da murya a cikin shawararta. Ta biyu ita ce abin da ake kira firistancin dukan masu bi, wato koyarwar da aka ɗauko musamman daga wasiƙar Bitrus ta fari cewa kowane Kirista yana iya kusantar Allah ta wurin Almasihu ba tare da wani ɗan adam ya tsaya a tsakani ba, don haka fasto ba ya cikin wani jinsi dabam da na jama'arsa. Ta uku ita ce 'yancin kowace ikilisiya ta unguwa ko ta ƙauye na gudanar da al'amuranta a ƙarƙashin Almasihu, ba tare da wata hukuma ta waje ta tilasta mata ba. Game da muƙamai kuwa, 'yan Baftis sun tsaya a kan guda biyu, fasto da dikin, wato mai hidimar da yake kula da bukatun jama'a, suna kafa hujja da sura ta 20 ta Ayyukan Manzanni, inda Bulus ya kira shugabannin ikilisiyar Afisa, aka ambace su da dattawa, aka ce su masu kula ne, aka kuma umarce su da yin kiwo, abin da ke nuna cewa dattijo da bishop, wato mai kula, da makiyayi, wato fasto, sunaye ne uku na aiki ɗaya.

Takardar furcin bangaskiya ta biyu ta Landan, wadda aka rubuta a 1677 aka kuma amince da ita a babban taro a 1689, ta zayyana tsarin a taƙaice. Ta bayyana cewa wanda Ruhu Mai Tsarki ya ba baiwar aikin, ikilisiya ce da kanta za ta zaɓe shi da yardar membobinta, sannan a keɓe shi da azumi da addu'a, tare da ɗora hannun dattawan ikilisiyar idan akwai waɗanda aka riga aka tsayar a cikinta. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin yana nuna cewa ikilisiyar da ba ta da dattijo ko ɗaya ba ta rasa ikon samun fasto ba, ke nan zaɓen jama'a da addu'arsu su ne ginshiƙi, ɗora hannu kuwa cikon tsari ne. Mai karatun da ya saba da naɗin sarauta a ƙasar Hausa, inda sarki yake naɗa wa hakimi rawani ya aike shi ga mutanen da ba lalle ne an shawarce su ba, zai ga cewa a nan al'amarin ya juya, domin waɗanda za a shugabanta su ne suke miƙa rawanin, suna kuma iya karɓe shi.

Matakan da ake bi

Ko da yake babu littafin doka guda da ya ɗaure dukan ikilisiyoyin Baftis, al'ada ta daidaita a kan wasu matakai da ake samu kusan ko'ina. Mafari shi ne kira, wato tabbacin da mutum yake ji a zuciyarsa cewa Allah yana nufinsa da aikin wa'azi da kiwo, wanda masana tauhidi suke kira kiran ciki. Amma tun da zuciya tana iya ruɗin mai ita, ba a ɗaukar wannan tabbaci a matsayin hujja sai an haɗa shi da kiran waje, wato amincewar jama'ar da suka zauna da mutumin, suka ga yadda yake da iyalinsa da maƙwabtansa da dukiyar mutane. Dalilin ɗora wannan nauyi a kan ikilisiyar gida shi ne abin da Hausawa suke nufi da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, domin baƙo yana iya auna iyawar magana a cikin sa'a guda, amma hali ba ya bayyana sai ga wanda ya daɗe yana kallo.

Idan mutum ya bayyana kiransa ga fastonsa da ikilisiyarsa, abin da yake biyo baya a wurare da yawa, musamman a Amurka, shi ne ba shi izinin wa'azi, takardar da take nuna cewa ikilisiya ta yarda ya gwada baiwarsa a gaban jama'a na wani lokaci, ba tare da an ba shi cikakken muƙami ba. Cewa wannan gwaji yana iya zama na gaske, tarihin William Carey ya tabbatar da shi. Carey, mai gyaran takalma wanda daga baya ya zama jigon kafa ƙungiyar mishan ta Baftis a Kettering a 1792 ya kuma yi shekaru masu yawa yana fassara Littafi Mai Tsarki a Indiya, ya yi wa'azin gwaji a gaban ikilisiyar Olney a 1785, jama'ar ba su gamsu ba suka jinkirta shi, sai bayan shekara guda suka yarda su aike shi, aka kuma naɗa shi a Moulton a 1787, inda John Ryland da John Sutcliff da Andrew Fuller suka ɗora masa hannu. Ikilisiyar da ta iya ce wa irin wannan mutum ya dakata ta nuna cewa ƙuri'arta tana da nauyi, shi kuma da ya haƙura ya jira ya nuna halin da ake nema.

Karatun tauhidi yana shigowa a wannan gaɓa, sai dai matsayinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. 'Yan Baftis sun daɗe da kafa makarantu, domin kwalejinsu ta Bristol tana danganta asalinta ga wasiyyar da Edward Terrill ya yi a 1679, amma a aƙidance ba su taɓa mayar da takardar digiri sharaɗin kira ba, kuma da yawa daga cikin masu wa'azin da suka yaɗa ɗarikar a karkarar Amurka manoma ne da suke noma a ranakun mako su yi wa'azi ranar Lahadi. Martin Luther King ƙarami an naɗa shi a ikilisiyar Ebenezer ta Atlanta a watan Fabrairu na 1948 yana da shekara 19, kafin ya shiga makarantar tauhidi ta Crozer, haka kuma Billy Graham an naɗa shi a wata ƙaramar ikilisiya a jihar Florida a 1939 tun yana ɗalibi. Abin da al'ada ta fi nanatawa shi ne a sami wata ikilisiya ko wani fagen aiki da ya kira mutumin a zahiri, domin naɗi keɓewa ne ga aiki takamaimai, kuma makiyayin da ba shi da garke sunan kawai yake ɗauke da shi.

Zuciyar tsarin duka ita ce majalisar naɗi, wato taron fastoci, sau da yawa tare da dikinoni da wakilan ikilisiyoyin maƙwabta, wanda ikilisiyar da take son yin naɗin take gayyata domin ya yi wa ɗan takarar tambayoyi. Majalisar takan zaɓi shugaba da magatakarda, ta nemi mutumin ya ba da labarin tubarsa, ya bayyana yadda ya gane kiransa, sannan ya faɗi abin da ya gaskata game da Allah da Littafi Mai Tsarki da ceto da baftisma da Jibin Ubangiji da tsarin ikilisiya, a wurare da yawa bayan ya rubuta wannan bayani ya miƙa tun kafin ranar. Ma'aunin halinsa kuwa ana ɗauko shi daga sura ta 3 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti da sura ta 1 ta wasiƙarsa zuwa ga Titus, inda aka lissafta cewa mai kula da ikilisiya ya zama marar abin zargi, mai aminci a aurensa, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, mai iya koyarwa, wanda ba mashayi ba ne ko mafaɗaci ko mai son kuɗi, mai iya sarrafa gidansa, wanda ba sabon tuba ba ne, kuma mai kyakkyawar shaida ko a wurin waɗanda ba sa cikin ikilisiya. Duk wanda ya duba jerin nan zai lura cewa kusan dukansa hali ne, baiwa ɗaya tak aka ambata a cikinsa, wato iya koyarwa. Bayan tambayoyin, ɗan takarar yakan fita, majalisar ta tattauna ta yanke shawara ko a ci gaba, ko a jinkirta, ko a ƙi. Amma abin da ta yanke shawara ce kawai, domin ikilisiyar da ta gayyace ta ita ce za ta zauna a taron membobi ta kaɗa ƙuri'ar ƙarshe.

Sujadar naɗin kanta ba ta da tsayayyen lafazi, sai dai tana da sassan da aka saba. Akan karanta rahoton majalisa, a yi wa'azi, sannan wani dattijon fasto ya yi wa ɗan takarar gargaɗi game da nauyin da zai ɗauka, wani kuma ya yi wa ikilisiya gargaɗi game da haƙƙin da ke kanta na girmama shi da tallafa masa da yi masa addu'a, abin da ke nuna cewa alkawarin na ɓangare biyu ne. Daga nan mutumin yakan durƙusa, a yi addu'ar naɗi, waɗanda aka riga aka naɗa su ɗora masa hannu, ko gaba ɗaya ko ɗaya bayan ɗaya, a wasu ikilisiyoyi kuma akan gayyaci dukan membobi su zo su yi haka, domin a nuna cewa jama'a ce take keɓe shi. Akan miƙa masa Littafi Mai Tsarki da takardar shaida mai ɗauke da sa hannun 'yan majalisa, kuma sau da yawa shi ake ba ya sa wa taron albarka a rufe. Misalin da ake koyi da shi yana cikin sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, inda jama'ar Urushalima suka zaɓi mutum bakwai manzanni suka ɗora musu hannu, da sura ta 13, inda ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora wa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, hannu ta sallame su zuwa aikin da Ruhu Mai Tsarki ya riga ya kira su.

Muhawara a kan amfanin naɗin

Idan naɗi ba ya ƙara wa mutum wani iko na ruhu, kuma idan a aƙidar Baftis ikilisiya tana iya ba kowane amintaccen memba izinin yin baftisma ko raba Jibin Ubangiji, to tambaya tana tasowa ko akwai bukatarsa. Mafi shaharar wanda ya amsa da a'a shi ne Charles Spurgeon, wanda ya fara aiki a ikilisiyar New Park Street ta Landan a 1854 ya kuma zama mai wa'azin Baftis mafi suna a zamaninsa, amma bai taɓa yarda a naɗa shi ba har ya rasu a 1892. Hujjarsa ita ce cewa kiran Allah da zaɓen ikilisiya sun wadatar, cewa fastocin da suke zuwa daga waje ba su da wani abu a hannunsu da za su ba shi, kuma cewa bikin yana iya dawo da tunanin firistanci na musamman da kakannin ɗarikar suka sha wahala domin su rabu da shi. Wannan gargaɗi yana da ƙarfi, domin a zahiri laƙabi da tufafi da wurin zama na musamman sukan sa jama'a su ɗauki fasto a matsayin wanda addu'arsa ta fi tasu isa, shi ma ya fara ɗaukar kansa haka.

Duk da haka mafi yawan 'yan Baftis ba su bi Spurgeon a wannan ba, kuma dalilansu sun fi nasa nauyi. Al'amarin da ya shafi amanar rayukan mutane bai kamata ya faru a ɓoye ko a hankali ba tare da an san ranar da ya fara ba, domin alkawarin da aka ɗauka a gaban shaidu ana iya tuna wa mutum da shi ranar da ya kauce. Addu'ar keɓewa kuma roƙo ne na gaske, kuma wanda ya gaskata Allah yana amsa addu'a ba zai ce ba abin da ya faru ba don kawai bai faru ta cikin tafin hannu ba. Bayan haka, fasto ba ya zama a ikilisiya ɗaya har abada, kuma idan ya tashi zuwa wata, shaidar da wakilan ikilisiyoyi da yawa suka bayar a kansa ita ce take bin sa, shi ya sa ba a saba sake naɗa wanda aka riga aka naɗa ba, sai dai a yi masa hidimar shigarwa a sabon wurin aikinsa. Gayyatar maƙwabta zuwa majalisar naɗi amincewa ce cewa ikilisiyar gida, duk da 'yancinta, tana iya kuskure, musamman idan ɗan takarar ɗan gida ne wanda kunya ko ƙauna ko tsoron iyalinsa za su hana a faɗa masa gaskiya.

Bambancin ƙasashe

Yadda ake daidaita 'yancin ikilisiya da shawarar 'yan'uwa ya bambanta matuƙa. A ƙungiyar Baftis mafi girma a Amurka, wadda aka kafa a 1845 aka kuma sani da Southern Baptist Convention, wato babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin ƙasar, naɗi al'amarin ikilisiyar gida ne ɗungum, babbar ƙungiyar ba ta naɗa kowa, ba ta kuma iya soke naɗin kowa. A Biritaniya kuwa, Tarayyar Baftis tana riƙe da rajistar fastocin da ta amince da su, kuma shiga cikinta yana bukatar tantancewa daga ƙungiyar yanki da karatu a kwalejin da aka yarda da ita da wasu shekaru na gwaji bayan naɗi, ko da yake ikilisiya tana da 'yancin kiran wanda ba ya cikin rajistar.

A Nijeriya, inda Thomas Jefferson Bowen ya iso a 1850 ya fara aikin Baftis a ƙasar Yarabawa, tambayar tushen iko ta taso da wuri. An naɗa Moses Ladejo Stone a 1880, amma a 1888 saɓani ya shiga tsakaninsa da ɗan mishan W. J. David a Legas, kuma da aka raba Stone da aikinsa ba tare da yardar jama'a ba, mafi yawan membobin suka fice suka kafa ikilisiyarsu mai zaman kanta, suna riƙe da ƙa'idar da 'yan mishan ɗin da kansu suka koya musu, cewa ikilisiya ce take da ikon kiran fastonta da sallamarsa. Makarantar tauhidi ta Ogbomosho ta fara a 1898, ƙungiyar da ta zama Babban Taron Baftis na Nijeriya ta kafu a 1914, 'yan kasuwa da ma'aikata Yarabawa suka kai ɗarikar garuruwan Arewa irin su Kaduna da Zariya da Kano da Jos, daga baya aka buɗe makarantar horar da fastoci a Kawo ta Kaduna. A tsarin Nijeriya babbar ƙungiya tana da hannu sosai a tantance waɗanda za a naɗa, kuma mutum yakan gama karatu ya yi aikin fasto na wani lokaci kafin a naɗa shi a fara kiransa Rabaran.

Batun naɗa mata shi ne ya fi fito da iyakar ikon kowane ɓangare a fili. 'Yan Baftis na Biritaniya sun sami mata fastoci tun shekarun 1920, kuma a 1964 ikilisiyar Watts Street ta Durham a jihar Karolina ta Arewa ta naɗa Addie Davis, mace ta farko da aka naɗa a cikin babbar ƙungiyar kudancin ƙasar Amurka. Amma a shekarar 2000 wannan ƙungiya ta rubuta a cikin bayanin bangaskiyarta cewa muƙamin fasto na maza ne, a 2023 kuma babban taronta ya tabbatar da fitar da ikilisiyar Saddleback ta Kalifoniya saboda tana da mata fastoci. Ƙungiyar ba ta iya warware naɗin matan ba, ba ta iya rufe ikilisiyar ko karɓe gininta ba, abin da ta iya kawai shi ne ta janye zumunci, kuma wannan shi ne iyakar takobin da tsarin Baftis ya ba kowace hukuma da ke sama da ikilisiyar gida.

Farashin 'yanci

Tsarin da ya kare ikilisiya daga danniyar manya yana da nasa rauni, kuma raunin ya cutar da mutane na gaske. A watan Fabrairu na 2019 jaridun Houston Chronicle da San Antonio Express-News suka wallafa binciken da ya nuna cewa a cikin kimanin shekara 20 an zargi shugabanni da masu aikin sa kai kusan 380 na ikilisiyoyin Baftis na kudancin ƙasar Amurka da cin zarafi ta hanyar lalata, waɗanda abin ya shafa kuma sun haura 700, wasu daga cikin masu laifin ma sun ƙaura daga wata ikilisiya zuwa wata suna ci gaba da aiki. Daga cikin abubuwan da suka ba da wannan dama akwai sauƙin samun naɗi a wasu wurare, inda majalisar takan zauna 'yan sa'o'i kaɗan kafin sujadar da aka riga aka gayyaci dangi aka dafa abinci dominta, ta yadda ƙin amincewa ya zama abin da ba mai iya furtawa, akwai kuma rashin wata hanya da ikilisiyoyi suke sanar da juna idan an kori mutum. Takardar naɗi tana buɗe ƙofar gidaje da asibitoci da kurkuku da amincewar iyaye game da 'ya'yansu, saboda haka ba da ita ba tare da bincike ba shaidar zur ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Maganin wannan ba ya bukatar 'yan Baftis su watsar da aƙidarsu, domin yana cikin aƙidar kanta. Bulus ya gargaɗi Timoti a sura ta 5 ta wasiƙarsa ta fari kada ya yi gaggawar ɗora wa kowa hannu, ya kuma haɗa wannan gargaɗi da hatsarin yin tarayya cikin zunuban wasu, ma'ana wanda ya tsayar da mutum yana da rabo a cikin abin da mutumin ya aikata da muƙaminsa. Bin wannan gargaɗi yana nufin a raba ranar tambayoyi da ranar biki da tazara mai yawa, a sa cikin majalisa waɗanda ba abokan ɗan takarar ba ne, a tambayi matarsa da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa da waɗanda suka yi cinikayya da shi, kuma ikilisiyar da ta yi naɗi ta ci gaba da ɗaukar kanta mai alhaki, ta janye shaidarta a fili idan mutumin ya ci amana, ta kuma sanar da 'yan'uwanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tauye 'yancin ikilisiya, domin 'yancin yanke hukunci bai taɓa nufin 'yancin rufe ido ba.

Aƙidar da ta ɗauke iko daga hannun bishop ta ɗora shi a kan jama'a ta girmama talakan mai bi girmamawa mai yawa, domin ta ce manomi da ɗan kasuwa da uwar gida, idan suka taru da addu'a da Littafi Mai Tsarki a buɗe, suna iya gane wanda Allah ya kira. Amma ta kuma hana su mafaka, domin a tsarin da yake da bishop jama'a suna iya cewa daga sama aka aiko musu da mugun makiyayi, a tsarin Baftis kuwa babu wani na sama da za a ɗora wa laifi. Saboda haka ingancin fastocin Baftis a kowane zamani da kowace ƙasa yana bin ingancin membobin da suke ɗaga hannu a taron ikilisiya, kuma ikilisiyar da take son makiyaya na kirki dole ta fara da koyar da membobinta Littafi Mai Tsarki har su iya auna wa'azi, ta kuma raya musu tsoron Allah da zai sa su iya ce wa ɗan gidansu bai isa ba tukuna.